Tafintan da ya cika akwatin farfesa: Labarin ayarin Jesup a gaɓar Tekun Fasifik

Akwai wani tsohon hoto da aka ɗauka a ƙarshen shekarar 1894 a Fort Rupert, wani ƙauye da ke arewacin Tsibirin Vancouver, a yammacin ƙasar Kanada. Wata mata ce zaune tana murza zaren ɓawon itace, ga shimfiɗar jariri a rataye kusa da ita, tana jijjiga ta da igiyar da ta ɗaura a ƙafa. A bayanta maza biyu sun kama bakin wani bargo sun ɗaga, kowa riƙe da nasa gefen. Aikin bargon shi ne ya tare shingen katako da gini irin na Turawa da ke bayan matar, domin wanda zai kalli hoton a biranen Amurka ya ga 'yar asalin ƙasa kamar yadda ake zaton kakanninta suke tun jirgin Bature bai iso ba. Sai ga shi na'urar ta kama har masu riƙe da bargon.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Franz Boas, Bajamushen da daga baya aka riƙa kira uban ilimin nazarin al'ummomi da al'adunsu a Amurka. Ɗayan kuwa George Hunt ne, haifaffen wannan ƙauyen, wanda takardun wancan zamani suka fi ambata da tafinta ko mataimaki. Shekara 45 suka yi suna aiki tare. Sunan na farko yana cikin kowane littafin koyar da wannan fanni. Na biyun kuwa sai a 'yan shekarun nan ne malamai suka tsaya suka fara lissafin ko shafi nawa, cikin dubban shafukan da ake jingina wa farfesan, suka fito daga alƙalaminsa.

Wannan lissafi bai tsaya a kan mutum biyu ba. Shi ne ke ƙarƙashin babban binciken da aka sani da ayarin Jesup, wanda ya karaɗe gaɓa biyu na arewacin Tekun Fasifik tsakanin 1897 da 1902.

Tambayar attajiri

Morris K. Jesup attajiri ne na birnin New York da ya tara dukiya a harkar banki da jiragen ƙasa, kuma tun 1881 yake shugabantar Gidan Adana Tarihin Halittu na Amurka da ke birnin. Boas bai daɗe da kama aiki a gidan ba ya kai masa wata shawara. Tsakanin ƙarshen nahiyar Asiya da farkon nahiyar Amurka akwai wani siririn ruwa, Mashigin Bering, wanda faɗinsa kimanin kilomita 85 ne a inda ya fi matsewa. Malaman Turai sun daɗe suna gardama a kan ko ta nan ne kakannin 'yan asalin Amurka suka tsallako. Boas ya ce a bar gardama daga kan kujera, a tura mutane gaɓa biyun, tun daga Kogin Columbia a ɓangaren Amurka har zuwa Kogin Amur a gabashin Rasha, su rubuta harsuna da tatsuniyoyi, su auna jikin mutane, su tattaro kayan amfanin yau da kullum, sannan a zauna a kwatanta. Jesup ya amince zai biya daga aljihunsa.

Sai dai kowa da abin da ya kai shi kasuwa. Jesup amsa yake nema, gajera kuma mai daɗin faɗi a jarida, tare da kayan da za su cika ɗakunan gidan da yake shugabanta. Boas kuwa tambayar asali ba ta dame shi sosai ba, ƙugiya ce da ya rataya buƙatarsa a kai. Shi mutum ne da aka horar da shi a kimiyyar Fiziks. An haife shi a Minden a 1858, ya yi digirin digirgir a jami'ar Kiel a 1881 a kan launin ruwa, sannan ya yi shekara guda a Tsibirin Baffin cikin mutanen Inuit, inda ya dawo da ra'ayin cewa ba a fahimtar al'umma sai an zauna da ita an ji harshenta. A Berlin ya sadu da wasu mutum tara 'yan ƙabilar Nuxalk da aka kawo Jamus ana yawo da su gari-gari ana nuna wa jama'a raye-rayensu. Daga nan hankalinsa ya koma gaɓar yammacin Kanada, ya fara zuwa can a 1886.

Abin da ya hana shi barci shi ne imanin cewa waɗannan al'ummomi suna gab da ƙarewa, kuma yana da dalilin wannan tsoro. Annobar agana da ta ɓarke a garin Victoria a 1862 ta bi gaɓar tekun ta share ƙauyuka. Mutanen Haida, waɗanda a da ake ƙirga su da dubbai, ba su kai 600 ba a 1915. 'Yan mishan, makarantun kwana na tilas da kamfanonin sarrafa kifi suna ta sauya rayuwar waɗanda suka saura. Wannan imani na cewa lokaci ya ƙure shi ne ya sa masu binciken suka yi aiki ba dare ba rana, kuma shi ne ya ba su uzurin aikata abubuwan da ba za su yarda a yi wa iyayensu ba. Za mu zo kan wannan.

Ɗan gida, baƙon gida

An haifi George Hunt a 1854. Mahaifinsa, Robert Hunt, Baturen Ingila ne mai aiki da kamfanin fataucin fatu na Hudson's Bay. Mahaifiyarsa, Mary Ebbetts, 'yar gidan sarauta ce daga ƙabilar Tlingit ta kudancin Alaska. Ke nan a jini bai haɗa komai da mutanen Fort Rupert ba, wato Kwakwaka'wakw, waɗanda Boas ya riƙa kira Kwakiutl. Amma cikinsu ya tashi, harshensu na Kwak'wala ya koya tun yana yaro, cikinsu ya yi aure, 'ya'yansa suka gaji sunaye da muƙamai a can. Ya san abin da ɗan gida ya sani, yana kuma iya ja da baya ya dube shi da idon baƙo.

Sun fara haɗuwa da Boas a 1888. A 1893 Hunt ya jagoranci wasu mutanen ƙauyensu zuwa babban baje kolin duniya na Chicago, inda suka zauna watanni a filin baje kolin jama'a na zuwa kallonsu. A can ne Boas ya koya masa yadda zai rubuta Kwak'wala da haruffan boko da alamomin da aka ƙara musu. Wannan darasi shi ne jarin da ya fi kowane riba a rayuwar Boas. Daga lokacin har rasuwar Hunt a 1933, wasiƙu ba su yanke ba tsakanin New York da Fort Rupert. Boas ya aiko da tambaya, Hunt ya zagaya wurin dattawa, ya halarci biki ko zaman makoki, ya koma gida ya zauna ya rubuta da Kwak'wala, ya sa fassarar Ingilishi a ƙarƙashin kowane layi, ya kai gidan waya. Shafi-shafi ake biyan sa.

Abin lura shi ne Hunt ba shifta yake ɗauka ba. Sauraro yake yi, sannan ya tsara labarin da kalmominsa. Wanda ya yi haka marubuci ne, ko da me aka kira shi a takardar biyan kuɗi. Abin da ya rubuta kuwa ya wuce tatsuniya: akwai tarihin gidaje da salsalar sunaye, jawaban sarakuna a taro, addu'o'in mai kamun kifi, yadda ake sare itacen sida a fafe shi ya zama kwalekwale, yadda ake lanƙwasa katako guda da tururi ya zama akwati. Akwai kuma shafuka masu yawa a kan girki, yadda ake ƙyafe kifin salmon da yadda ake sarrafa 'ya'yan itatuwan daji, waɗanda akasarinsu daga matarsa Lucy Homikanis ya samo su. Wasu malamai sun yi wa Boas dariya a kan buga littafin girki da sunan ilimi. Yau waɗannan shafuka suna cikin abin da masu farfaɗo da harshen suka fi amfana da shi, domin a nan ne kalmomin aikin hannu suke zaune a muhallinsu.

Adalci ya wajaba a faɗa cewa Boas bai ɓoye sunan Hunt ba. Littafinsa na 1897 a kan tsarin zamantakewar Kwakiutl da ƙungiyoyinsu na asiri ya bayyana a shafin farko cewa an gina shi ne har da bayanan George Hunt, kuma kundin matanin Kwakiutl da ayarin Jesup ya buga yana ɗauke da sunayensu su biyu. Amma ambato daban, matsayi daban. Masu karatu sun ɗauki Hunt a matsayin bakin da al'ada ke magana ta cikinsa, ba mutum mai ra'ayi da zaɓi da tarihin kansa ba. Misali mafi ban mamaki shi ne na wani boka mai suna Quesalid, wanda ya shiga bokanci yana shakkar sa don ya tona asirin bokaye, ya ƙare ya zama mashahurin mai warkarwa. Malamin nan na Faransa, Claude Lévi-Strauss, ya gina sanannen nazari a kan wannan labari a 1949, ɗalibai a jami'o'in duniya suka yi ta karantawa. Quesalid ɗin nan George Hunt ne da kansa, tarihin rayuwarsa ya rubuta wa Boas.

Hunt bai zama shi kaɗai ba. A cikin ƙasa, a Spences Bridge, akwai James Teit, mutumin tsibiran Shetland da ya auri 'yar ƙabilar Nlaka'pamux ya ƙware a harshensu. Shi ya jagoranci Boas a kan dawaki a 1897 suka ratsa duwatsu har Bella Coola, shi ya rubuta abin da ayarin ya buga a kan mutanen yankin, daga baya kuma ya zama magatakarda da tafintan sarakunan ƙabilu a fafutikarsu ta neman haƙƙin ƙasa daga gwamnatin Kanada. A tsibiran Haida, wani matashin malami, John Swanton, ya zauna daga 1900 zuwa 1901 tare da tafintansa Henry Moody, suka rubuta labaran wasu masu hikima biyu, Skaay da makaho Ghandl, kalma bayan kalma. Sai bayan kusan ƙarni guda aka fara karanta su a matsayin adabi mai mawallafi, maimakon tatsuniyar da ba ta da mai ita.

Bikin da doka ta hana

Duk wannan aiki an yi shi ne a ƙarƙashin inuwar wata doka. A 1884 majalisar Kanada ta haramta bikin da ake kira potlatch, dokar ta fara aiki a 1885. Wannan biki shi ne ƙashin bayan rayuwar mutanen gaɓar. Idan za a raɗa suna, ko a ɗaura aure, ko a naɗa magaji, ko a share hawayen mamaci, mai gida yakan gayyato ƙauyuka, a ci a sha, a yi raye-rayen da gidansa ya gada, sannan ya raba wa baƙi dukiya: barguna, man kifi, kwalekwale, wani lokaci har a fito da farantin tagulla mai suna da tarihi wanda darajarsa ta kai dubban barguna. Wanda ya karɓi kyauta ya zama shaida, kuma karɓarsa ita ce sa hannunsa. A al'ummar da ba ta ajiye takarda, taron nan shi ne kotu, shi ne rajista. 'Yan mishan da jami'an gwamnati kuwa almubazzaranci kawai suka gani, da abin da ke hana mutane zama leburori masu tanadi.

Boas ya halarci bukukuwan hunturu a Fort Rupert a 1894, har shi ma ya kira walima ya ciyar da jama'a. Ya kuma fito fili ya kare bikin a rubuce, yana bayyana shi a matsayin tsarin bashi da biya da ake gudanarwa a bainar jama'a. Amma shi baƙo ne mai tikitin komawa gida. Wanda doka ta cafke shi ne Hunt. A 1900 an gurfanar da shi a kotu a Vancouver bisa zargin shiga wata rawar asiri da aka haramta. An sallame shi, bayan ya sha wahalar shari'a da kashe kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A wata wasiƙa da Boas ya aika wa sarakunan Fort Rupert a 1897, ya kwatanta littafinsa da akwatin katako irin wanda suke adana dukiyar gado a ciki, ya ce a nan za a ajiye dokokinsu da labaransu don kada su ɓata. Kwatancen ya yi kyau, kuma lokaci ya gaskata wani ɓangare nasa. Abin da wasiƙar ba ta taɓo ba shi ne sauran akwatunan da ake lodawa a jirgin ruwa.

Tun a tafiyarsa ta 1888 Boas ya riƙa haƙa kaburbura yana kwasar ƙasusuwa, wani lokaci da dare. Ya rubuta a littafin ajiyar sirrinsa cewa aikin ba shi da daɗi, amma dole wani ya yi. Ya sayi wasu ƙoƙunan kai daga masu wannan sana'a, ya kuma sayar wa gidajen tarihi a Berlin da Chicago. A lokacin ayarin Jesup, Harlan Smith, mai binciken kufai, ya tono wani tsohon mazauni kusa da bakin Kogin Fraser a 1898, ya aika da ƙasusuwan mutane New York. Jikokin waɗannan mamata, mutanen Musqueam, suna nan a Vancouver har gobe.

Hannun Hunt ma bai fita ba. A 1904 ya je Yuquot, a yammacin Tsibirin Vancouver, inda mutanen Mowachaht ke da wani keɓaɓɓen ɗaki a wani ɗan tsibiri cikin tafki. A nan manyan mafarautan wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, suke wankan tsarki kafin su fita farauta. A ciki akwai siffofin mutane 88 da aka sassaƙa da katako, siffofin wel 4, da ƙoƙunan kan mutane 16. Boas ya ga hoton wurin ya ƙwallafa rai. Hunt ya yi ciniki da wasu sarakuna biyu, aka kwashe ɗakin kakaf a lokacin da yawancin mutanen gari ba sa nan. Da kayan suka isa New York ba a taɓa kafa ɗakin yadda yake ba, a ma'ajiya ya zauna. Mutumin da ya ceci kalmomin wata al'umma shi ne ya kwashe wurin ibadar maƙwabtanta, kuma duk wanda zai ba da labarinsa da gaskiya sai ya riƙe biyun tare.

Fursunonin Sarkin Rasha

Boas bai taɓa taka Sibiriya ba. Don ɓangaren Asiya ya fara tura wani matashin Bajamushe masanin harsunan gabas, Berthold Laufer, wanda ya yi aiki a Tsibirin Sakhalin da Kogin Amur a 1898 da 1899 cikin mutanen Nivkh, Ainu da Nanai. Amma can arewa mai nisa, inda sanyi ke daskarar da numfashi, ana buƙatar waɗanda suka riga suka san ƙasar. Da ya nemi shawarar Wilhelm Radloff na Cibiyar Kimiyya ta St. Petersburg, sai aka ba shi sunaye biyu: Waldemar Jochelson da Waldemar Bogoras.

Yadda waɗannan mutane suka san Sibiriya labari ne mai zaman kansa. Dukansu Yahudawan Rasha ne, kuma 'yan ƙungiyar juyin juya hali ta Narodnaya Volya, wadda mutanenta suka kashe Sarki Alexander na Biyu a 1881. An kama su, an ɗaure su, sannan aka tura su ɗaurin talala na shekara goma-goma a arewa maso gabashin Sibiriya. Gwamnati ta kai su can ne don duniya ta manta da su. Su kuwa, da ba su da abin yi sai zama da mutanen wurin, suka koyi harsunansu, suka fara rubuta abin da suke ji. Wani abokin gwagwarmayarsu, Lev Shternberg, haka ya yi a Sakhalin. Kurkukun Sarki ya zame musu jami'a.

A 1900 suka koma ƙasar da aka taɓa tsare su, wannan karon da kuɗin attajirin New York. Hukumomin Rasha sun ba su takardar izini a fili, a ɓoye kuma aka umarci jami'an yankin su sa musu ido. Sun iso daidai lokacin da annobar ƙyanda ta ratsa yankin ta kashe jama'a da dama. Jochelson da matarsa Dina Brodskaya, wadda ke karatun likita a Zurich, suka zauna da mutanen Koryak a gidajensu na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda a lokacin hunturu ta ƙofar hayaƙi da ke rufi ake shiga da tsani. Ita ce ta ɗauki yawancin hotuna, ita ce kuma ta iya auna mata, abin da namiji baƙo ba zai samu ba. Daga nan suka ƙetare duwatsu da dawaki, suka bi kogi a kan katakan da suka ɗaure, har ƙasar Yukaghir a yankin Kolyma, ba su fito ta Yakutsk ba sai 1902.

Bogoras da matarsa Sofia suka sauka a bakin Kogin Anadyr. Ita ta tsaya tana tattara kaya, shi kuma ya yi watanni yana yawo a kan keken ƙanƙara da karnuka ke ja, cikin Chukchi makiyayan barewar ƙanƙara da Chukchi mafarautan teku da mutanen Yupik, har ya tsallaka Tsibirin St. Lawrence. Sun dawo da kaya kimanin 5,000, da tatsuniyoyi ɗaruruwa, da muryoyin mawaƙa da bokaye da aka naɗa a faifan kaki na garmaho. Littafin Bogoras a kan Chukchi, wanda ya fito kashi-kashi daga 1904 zuwa 1909, da na Jochelson a kan Koryak, har yau ba a wuce su a fannin. Dalilin bai ɓuya ba: mawallafansu sun riga sun yi shekaru suna cin abinci ɗaya da mutanen Sibiriya kafin a ba su aikin.

An yi, ba a yi ba

To, ina amsar tambayar Jesup? An samu abubuwan da suka yi kama a gaɓa biyun. Mafi shahara shi ne hankaka. A tatsuniyoyin Tlingit da Haida, hankaka ne mai wayo kuma makwaɗaici wanda ya sato haske ya sake shi a duniya. A wajen Koryak da Itelmen na Kamchatka ma Babban Hankaka ne kakan mutane kuma abin dariyarsu. Daga irin wannan ne Jochelson da Boas suka karkata ga ra'ayin cewa wasu mutanen Sibiriya daga Amurka suka komo bayan janyewar ƙanƙara, kuma Inuit sun shigo daga baya ne suka raba dangi biyu. Binciken kufai da na ƙwayoyin gado da aka yi daga baya bai goyi bayan wannan ba. Abin da ya tabbatar shi ne daga Asiya kakannin 'yan asalin Amurka suka fito.

Kundin ƙarshe da zai tattara sakamakon duka, wanda Jesup ya zuba kuɗinsa dominsa, Boas bai taɓa rubuta shi ba. Jesup ya yi ta tuni har ya gaji. Dangantaka ta yi tsami, Boas ya bar gidan tarihin a 1905 ya tattara hankalinsa a Jami'ar Columbia, Jesup ya rasu a 1908 bai ga amsarsa ba. Kundayen ayarin suka ci gaba da fitowa jefi-jefi har 1930. Rubutun da Shternberg ya yi wa jerin a kan mutanen Nivkh bai ga ɗab'i da Ingilishi ba sai 1999, shekara 72 bayan rasuwarsa.

Ana iya kiran wannan gazawa, kuma ta wata fuska gazawar ce. Amma ƙin yanke hukunci da Boas ya yi ya dace da abin da ya koya a gaɓar. Ya je da ma'aunin ƙoƙon kai, ya tarar cewa siffar jiki, harshe da al'ada ba sa tafiya tare: maƙwabta masu biki iri ɗaya suna magana da harsunan da ba su haɗa asali ba, labari yana tsallaka iyakar ƙabila kamar yadda haja ke tsallakawa. A kan wannan ya gina yaƙin da ya yi da masu cewa wani jinsi ya fi wani a halitta. A 1906, bisa gayyatar W. E. B. Du Bois, ya tsaya gaban ɗalibai baƙaƙen fata a Jami'ar Atlanta ya ba su labarin daulolin Afirka da ke kudu da Sahara da ƙwarewar maƙeranta, Du Bois kuma ya ce jawabin ya girgiza shi. Littafinsa na 1911 a kan tunanin mutanen da ake kira na baya ya zama makami a hannun masu adawa da wariyar launin fata, kuma 'yan Nazi sun ƙona littattafansa a 1933. Duk da haka, mai wannan jawabi na Atlanta shi ne mai haƙa kabari na 1888.

Bogoras ya koma Rasha ya sake faɗawa siyasa da kurkuku, bayan juyin juya halin 1917 kuma ya zama farfesa a Leningrad, ya taimaka wajen kafa kwamitin kula da ƙananan al'ummomin arewa a 1924, ya kuma shirya littafin koyon karatu da harshen Chukchi.

A Kanada kuwa doka ta ƙara tsanani. A Disambar 1921 wani basarake, Dan Cranmer, ya yi gagarumin potlatch a Village Island. Jami'in gwamnati William Halliday ya sa aka gurfanar da mutum 45, aka ɗaure kimanin rabinsu, sauran suka tsira bisa sharaɗin ƙauyukansu su miƙa fuskokin katako da kayan rawarsu. Aka raba kayan tsakanin gidajen tarihi a Ottawa da Toronto, wasu aka sayar wa wani mai tara kayan tarihi a New York. Mutanen ba su daina bikin ba, sun mayar da shi ɓoye ne, har aka cire haramcin daga doka a 1951. Al'ummar da aka yi wa gaggawar rubuta wasiyya ta ƙi mutuwa.

'Yar Dan Cranmer, Gloria Cranmer Webster, wadda ta fito daga zuriyar George Hunt, ta karanci wannan fanni na Boas a jami'a, ta shiga sahun gaba wajen neman a dawo da kayan da aka ƙwace. A 1980 aka buɗe cibiyar U'mista a Alert Bay don ajiye su. A harshen Kwak'wala, kalmar tana nufin dawowar wanda aka kama a yaƙi. Littattafan Boas da Hunt suna cikin abin da masu sassaƙa, mawaƙa da malaman harshe na yankin ke dubawa yau don gano wace waƙa ce ta wane gida.

Suna duba su ne da taka-tsantsan, domin Hunt da kansa bai gamsu da su ba. A shekarunsa na ƙarshe ya ɗauki littafin 1897 ya bi shi shafi-shafi, yana gyara sunayen da aka rubuta ba daidai ba, yana mayar da kowace fuskar katako da kowace rawa ga gidan da ya mallake ta, abin da littafin ya sha barin sa a matsayin kayan ƙabila kawai. Ya aika wa Boas ɗaruruwan shafuka na gyara. Hunt ya rasu a 1933, Boas ya bi shi a Disambar 1942, ya faɗi ana cikin liyafar cin abinci a Jami'ar Columbia, Lévi-Strauss na zaune kusa da shi. Gyare-gyaren suka zauna a ma'ajiyar takardu a Philadelphia shekaru da dama. Sai a wannan ƙarnin ne malamai tare da zuriyar Hunt suka ɗauko su don fitar da sabon bugu na littafin, kuma a 2019 aka yi baje kolin aikin a New York da Alert Bay, wanda mai zane Corrine Hunt, ita ma daga zuriyarsa, ta tsara fasalinsa.

Ɗakin da Boas ya buɗe a gidan tarihin New York a 1899 don kayan gaɓar arewa maso yamma an sake buɗe shi a 2022 bayan gyara, wannan karon da masana daga al'ummomin da kayan suka fito. Ɗakin wankan mafarautan Yuquot kuwa, bayan shekara 120 a ma'ajiya da shekaru masu yawa na neman a dawo da shi, an miƙa shi ga mutanen Mowachaht da Muchalaht a Maris ɗin 2025. Aka loda siffofin katakon da ƙasusuwan kakanni a mota, suka kama hanyar yamma.